Windows 10 ya daina samun gyara, Windows 11 kuma ya ƙi hawa: ina makomar kwamfutocin hom-yus ɗinmu?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, maganganu iri-iri ke yawo a unguwannin Accra irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango, wani ya ce laftop ɗin zai mutu ne gaba ɗaya, wani ya ce ai dabara ce kawai ta kasuwa a sa ka sayi sabo, mai gyara a kasuwar kwamfuta da waya ta Circle kuma ya ce kawo in sa maka 11 ɗin yanzu-yanzu ko da injin ya ce bai iya ɗauka. Kowanne a cikinsu akwai ɗan abin da ya kama na gaskiya, sai dai abin ya fi haka tsawo, kuma ya fi shafarmu a nan Ghana saboda irin injinan da muke saya, wato hom-yus, waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje.

Me ake nufi da an daina tallafa wa Windows 10

Windows shi ne babban tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, shi ne ke tsakanin ƙarfen injin da su Word da Chrome da CorelDRAW da kake buɗewa. Windows 10 ya fito ne a watan Yuli 2015, kuma kowane wata Microsoft na turo masa ofdet, galibinsu toshe ƙofofi ne da aka gano ɓarayin intanet na iya bi su shiga. Wannan turowar ce aka tsayar. Injin zai kunnu, fayilolinka na nan, firinta zai buga, ba abin da zai kulle. Kaman gidan haya ne da mai gida ya ce daga yau ba ruwansa da gyaran ƙofa da makulli, kana nan zaune ba wanda ya kore ka, amma duk kwaɗon da ya lalace haka zai zauna.

Kuma haɗarin ba rana ɗaya yake zuwa ba, taruwa yake. Windows 10 da 11 sun yi tarayya a sassa da yawa, to duk wata da aka toshe wata ƙofa a 11, masu kutse na dubawa su ga ko tana nan a 10, in tana nan sun san ba mai rufe ta. An taɓa ganin irin wannan a watan Mayu 2017 lokacin WannaCry, cutar da ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris, waɗanda ba su sa ba ne ta ci.

Abu na biyu shi ne sauran kamfanoni su ma a hankali suke zamewa. Windows 7 an daina tallafa masa a Janairu 2020, Chrome ya ci gaba da tafiya da shi har farkon 2023 sannan ya tsaya a lamba 109. Wanda ke kan 7 har yau ya san yadda wasu shafuka ke ƙin buɗewa. Haka 10 zai bi, ba nan take ba wataƙila, amma hanyar kenan. A wannan rana ta 14 ga Oktoba ma Office 2016 da Office 2019 suka daina samun gyara, mutane da yawa ba su lura da wannan ba.

Sharuɗɗan da Windows 11 ya gindaya

A da in sabon Windows ya fito, kusan duk injin da ke ɗaukar tsohon yana ɗaukar sabon, daga 7 zuwa 10 haka aka yi. Windows 11 da ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021 shi ne ya karya wannan al'ada. Wasu sharuɗɗan masu sauƙi ne: ram 4GB, wurin ajiya 64GB, firosesa mai 64-bit. Waɗannan kusan kowa na da su. Inda ake faɗuwa wuri uku ne.

Na farko TPM 2.0. Wani ɗan sashe ne na tsaro da ke ajiye makullan sirri na injin a inda ko cuta ta shiga Windows ba za ta iya kwashe su cikin sauƙi ba. Wani injin yana da shi a matsayin ɗan cif daban a kan bod, wani kuma a cikin firosesa yake, Intel na kiransa PTT, AMD na kiransa fTPM. Sau da yawa yana nan amma a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin injin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, musamman a desktof, sai mutum ya ɗauka ba shi da shi alhali kunnawa kawai ake buƙata. In ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta tpm.msc zai nuna maka ko akwai da kuma lambarsa, in ya ce 1.2 to tsohon ne.

Na biyu Secure Boot da UEFI, wato sabuwar hanyar da inji ke tashi wadda ke hana wani abu da ba a tantance ba ya riga Windows tashi. Nan akwai wata matsala tamu ta gida: masu fomatin da yawa sun saba sa Windows ta tsohuwar hanya, Legacy, su tsara had disk ɗin da tsohon tsari mai suna MBR saboda ita ce fulash ɗinsu ke tashi da ita ba gardama. Sai ka ga inji mai kyau da ya cika komi amma an ce bai cancanta ba. Ana iya juya disk ɗin zuwa sabon tsari, GPT, da wani abu da ke cikin Windows ɗin kansa mai suna mbr2gpt, amma in aka je BIOS aka canza zuwa UEFI kafin a juya, injin ba zai tashi ba sam, nan ne hankalin mutane ke tashi.

Na uku, wanda ba shi da magani, shi ne shekarun firosesa. Microsoft ya ja layi a Intel na ƙarni (wato generation) na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017, sai AMD daga Ryzen 2000, shi ma ɗin ba duka ba, wasu na laftop masu lamba 2000 ba sa cikin jerin. Gane shi ba wuya: i5-6300U ƙarni na 6 ne, i5-7200U na 7, i5-8250U na 8, lambar farko bayan ɗan layin ita ce ke faɗa maka, in ta fara da 10 ko 11 ko 12 to ka wuce. Abin da ke rikita mutane shi ne sunan i7, mutum ya ce nawa fa Core i7 ne, to i7 na ƙarni na 6 bai shiga ba amma i3 na ƙarni na 8 ya shiga. Akwai PC Health Check na Microsoft, kyauta ne, zai faɗa maka takamaimai wane sharaɗi ne ka faɗi.

Dalilin da ya sa abin ya fi cizonmu

Kaɗan ne a cikinmu ke sayen kwamfuta sabuwa fil a kwali. Abin da ke cike da Tip Toe Lane a Circle, da Adum a Kumasi, hom-yus ne da ke shigowa ta Tema, injinan ofis na Turai da Amurka da kamfanoni suka yi 'yan shekaru da su suka sallamar. Su HP EliteBook 840 G3 da G4, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460 da T470, injina ne masu ƙarko, suna da TPM ɗin ma da yawansu, amma ƙarni na 6 da na 7 ne, wato suna ƙasan layin da taki ɗaya ko biyu. Dalibin da aka haɗa masa kuɗi a gida aka saya masa irin wannan don ya tafi jami'ar Legon ko KNUST, yau shi ne ake ce wa injinsa ya tsufa alhali ba abin da yake kasa yi masa.

Kuma lissafi ne mai sauƙi: duk injin da kamfanonin can suka ga ba zai hau 11 ba fitar da shi za su yi, kuma an san inda irin waɗannan kaya ke sauka. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan canji. Wasu za su zo mana da araha mai jan hankali, wasu kuma ba su da sauran amfani sai a fasa a cire tagulla. An rushe kasuwar bola ta Agbogbloshie a 2021, kuma akwai dokar sharar lantarki, Act 917 ta 2016, amma sana'ar ba ta mutu ba, watsuwa ta yi zuwa wasu wurare, kuma da yawa daga masu yinta yaranmu ne daga arewa.

Ko injin ya cika sharaɗi, akwai sauran rigima

Nan ne aka fi yin kuskure, mutum ya ga kore a PC Health Check ya ɗauka shikenan. Dacewa ba ta injin kaɗai ba ce, akwai ta kayan da kake jonawa da ta manhajojin da kake aiki da su.

Kowace firinta ko sikana ko kyamara tana da direba, ɗan ƙaramin shiri ne da ke gaya wa Windows yadda zai yi aiki da ita. Gaskiyar magana galibin direbobin da ke aiki a Windows 10 mai 64-bit suna aiki a 11, don ginin kusan ɗaya ne. Wanda zai sha wuya shi ne wanda ke kan Windows 10 ko 7 mai 32-bit, domin 11 ba shi da 32-bit ko kaɗan, direban 32-bit kuma ba ya hawa 64-bit ko me za ka yi. Akwai tsofaffin firintoci da sikanoni na farkon shekarun 2000 da kamfanoninsu ba su taɓa yi musu direban 64-bit ba, suna nan suna aiki lafiya a shagunan fotokwafi da buga takardu, ranar da aka canza Windows ranar suka zama kayan ado. Sannan 11 na da wani tsaro da ake kira Memory integrity da ke toshe tsofaffin direbobi da bai yarda da su ba, sai ka ga abu ya shiga amma ya ƙi aiki. A 2023 ma Microsoft ya sanar cewa a hankali zai daina rarraba sababbin direbobin firinta na kamfanoni ta Windows Update, waɗanda ke akwai za su ci gaba da aiki, amma alama ce ta inda aka dosa. Saboda haka kafin a taɓa komi, a shiga shafin kamfanin firintar a rubuta lambarta a ga ko akwai direban 11 ko aƙalla na 10 mai 64-bit.

Manhajoji kuma, yawancin masu 32-bit suna tafiya a 11 ba matsala, waɗanda suka mutu su ne na zamanin DOS masu 16-bit da duk abin da ya dogara da Internet Explorer, wanda aka yi wa ritaya a Yuni 2022, ko da yake burauzar Edge na da wani yanayi da ke kwaikwayonsa. WordPad ma an cire shi daga fitowar 24H2. Masu aikin zane da buga katin biki da fosta, irin na Accra New Town, su ne abin ya fi damu, don da yawa na riƙe da tsohon CorelDRAW ko Photoshop da suka saba da shi, ga injin yankan sitika da ke jone da tsohuwar manhaja wadda CD ɗinta ya ɓace tun tuni. In an yi fomatin, a ina za a samo ta? Wanda kuma nasa kirak ne, wato wanda aka fasa ba lasisi, Defender, mai gadin cuta na Windows, na iya share fayil ɗin kirak ɗin ya ce cuta ce, kuma ba kullum ƙarya yake yi ba.

Ga wata da ta shafi malamai da ɗaliban ilimi: tsofaffin manhajojin Larabci, irin tsohuwar Maktaba Shamila, bayan an sa sabon Windows sai rubutun ya koma alamomin tambaya ko wasu haruffa marasa ma'ana. Ba lalacewa ya yi ba, akwai wuri a saitin Region da ake zaɓar harshen manhajojin da ba na Unicode ba, a mayar da shi Larabci a sake kunna injin, sai ya dawo daidai.

Sai nauyi. 4GB ɗin da aka rubuta iyakar abin da zai sa ya tashi ne kawai, in ka buɗe Chrome da Word tare a kan tsohon had disk mai juyawa za ka jira har ka gaji. 8GB da SSD, wato sabon disk mai sauri da ba ya juyawa, shi ne abin da ke sa a ji daɗin aiki, kuma sau tari sa SSD a tsohon inji ya fi canza Windows kawo sauƙi. A duba dai, wasu siraran laftop ram ɗinsu a manne yake da bod, ba ya ƙaruwa.

Hujjar kowane ɓangare

Microsoft na cewa maganar tsaro ce, hare-haren yanzu na shiga ta ƙasan Windows ne tun kafin ya tashi, kuma TPM da Secure Boot da sababbin firosesa su ne ke ba shi damar kunna kariya ba tare da injin ya yi nauyi ba. Ya kuma ce a gwajin da ya yi a 2021 injinan da ba su cika sharaɗi ba sun fi faɗuwa da kashi 52 cikin 100. Shekara 10 ya yi yana gyara Windows 10, kuma ya faɗi ranar ƙarshe tun da wuri.

Masu suka, irin ƙungiyar PIRG a Amurka da Euroconsumers a Turai, na cewa ba a taɓa yanke injina masu lafiya da yawa haka a lokaci ɗaya ba, kuma bambancin ƙarni na 7 da na 8 bai kai a ce ɗaya ya shiga ɗaya ya fita ba, ga shi Microsoft da kansa ya ɗaga ƙafa ga wasu 'yan ƙarni na 7 ciki har da wanda ke cikin Surface Studio 2 nasa. Hujjar TPM tana da ƙarfi, ta layin firosesa ce ta fi rauni. Matsin lambar ya yi ɗan tasiri, a ƙasashen Tarayyar Turai an sassauta sharuɗɗan samun ƙarin shekara ɗaya kyauta. Ghana ba ta cikin wannan sassauci.

Hanyoyin da ke gaban mutum

Wanda injinsa ya cika sharaɗi kuma Windows 10 ɗinsa na gaskiya ne, hawa 11 kyauta ne, lasisin na biye da injin. Yawancin hom-yus na ofis lasisinsu na cikin bod tun daga kamfani, don haka ba dalilin a sa maka kirak a kan injin da ke da lasisinsa, ka tambayi mai gyaran.

Wanda bai cika ba, akwai shirin ESU, ƙarin gyaran tsaro da aka sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026 ga masu amfani na gida. Yadda aka sanar a 2025, ana shiga da dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka yarda ka haɗa saitin injinka da akawun ɗin Microsoft ta Windows Backup. Sai injin na kan fitowar 22H2 kuma lasisinsa na aiki. Jinkiri ne kawai aka saya, amma ga mai tara kuɗin wani injin jinkirin na da amfani.

Sai tsallake shinge, abin da masu gyara suka fi yi, da wata manhaja mai suna Rufus ake haɗa fulash a cire binciken TPM da firosesa. Yana aiki, a kan ƙarni na 6 da 7 ma yana tafiya sumul a mafi yawan lokuta. Abin da ba a faɗa wa mai injin shi ne Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ba irin wannan inji ofdet ba, kuma babban ofdet na shekara ba ya zuwa da kansa, alhali kowace fitowa ta Home da Pro wata 24 take samun gyara, in ba a sake sawa da hannu ba sai ka wayi gari kana kan 11 ɗin da shi ma ya daina samun gyara ba ka sani ba. Kuma daga 24H2 tsofaffi sosai irin Core 2 Duo ba sa tashi ko an yi dabarar.

Akwai Linux, su Linux Mint da Ubuntu, da ChromeOS Flex na Google, duk kyauta kuma suna farfaɗo da tsohon inji. Wanda aikinsa burauza ne, YouTube, WhatsApp Web, duba sakamakon WAEC, rubuta takarda a LibreOffice, zai zauna lafiya. Mai CorelDRAW da Photoshop kuwa ba nasa ba ne, ba sa hawa kai tsaye, kuma masu gyaran da suka iya Linux ba su da yawa a unguwa.

Zama a kan 10 haka nan shi ma zaɓi ne, ya danganta da abin da ake yi da injin. Desktof ɗin shago da ke tuƙa tsohuwar firinta, ba ya hawa intanet, zai iya shekaru a haka, sai dai a kula da fulash ɗin kwastomomi don ta nan cuta ke shiga. Injin da ake shiga banki da imel da shi ko ake ajiye lissafin MoMo na shago, wannan bai kamata a bar shi ba gyara ba.

Ranar da za a yi aikin

A kwashe fayiloli zuwa wani disk daban tukuna, a kuma fayyace wa mai gyara abin da ake so, don ofgired daban fomatin daban: na farko yana barin fayiloli da manhajoji a inda suke, na biyu yana share komi, kuma da yawa in ka ce a sa maka Windows na biyun suke yi don ya fi sauri. Fayil ɗin Windows 11 ya haura 5GB, ban da ofdet ɗin da zai biyo baya, in da bandul ɗin MTN ko Telecel za a sauke a yi lissafi. Maganar dumso, wato ɗaukewar wuta, kuma ba wasa ba ce, hom-yus da yawa batirinsu ya mutu, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sawa, musamman in ana taɓa BIOS, ana iya rasa injin.

In an yi ofgired kuma abu ya ƙi, akwai kwana 10 na komawa 10 ta cikin Settings, muddin ba a share fulda mai suna Windows.old ba, wadda masu neman fili ke saurin sharewa. Sabon sawa kuma yana neman intanet da akawun ɗin Microsoft, to kar a bari mai gyara ya sa nasa akawun ko ya buɗe maka wanda ba ka san faswod ɗinsa ba, domin a sababbin fitowa Windows na iya kulle disk ɗin da BitLocker da kansa ya ajiye makullin mai lambobi guda 48 a wannan akawun. Ranar da bod ya samu matsala ko aka canza wani saiti a BIOS ya nemi makullin, in ba ka da shi ba mai iya ciro maka hotunanka da takardunka, ko a Circle ko a ina.

Mai shirin sayen hom-yus yanzu kuma kar ya tsaya a sunan injin ko ganin 11 a kan allo, don ana sa shi da dabara a kan kowane inji a jera a shago. A buɗe Settings, System, About a karanta lambar firosesa da ido, ko a cikin samfuri ɗaya irin T480 ana samun mai ƙarni na 7 da mai na 8. A shiga BIOS a gani ko kamfanin da ya yi amfani da shi ya bar faswod a kai, in akwai ba za ka iya kunna TPM ko Secure Boot ba. Wasu kuma har yanzu suna rajiste da tsohon kamfaninsu ta tsarin Autopilot, ba za ka gane ba sai ranar da aka sa sabon Windows aka jona intanet, sai allo ya fito da sunan wani kamfani na Holan ko Jamus yana neman imel ɗin ma'aikacinsa, shi ya sa ya fi kyau a sa mai shagon ya yi sabon sawa a jona intanet a gabanka kafin kuɗi su fita daga hannunka.